Zama da Roba a Babbar Jijiya: Darasi Domin Mara Lafiya da Iyalinsa

Manufar darasi

Mu san mece ce robar da likitoci ke sawa a babbar jijiyar jini, da dalilin sa ta, da irin nauyin da mai ɗauke da ita yake sha, da kuma abin da ya wajaba iyali da masu zuwa gaisuwa su kiyaye domin kada taimakonsu ya zama sanadin cutarwa.

Gabatarwa

A shekarun nan iyalai da dama a Kontagora da kewayenta, har zuwa Rijau da Mariga da Magama, sun karɓi ɗan'uwansu daga babban asibiti da wani abu da ba su saba gani ba, wato siririyar roba mai baki biyu, ɗaya ja ɗaya shuɗi, tana leƙowa daga wuyansa ko ƙirjinsa, an rufe gindinta da bandeji. Yawancin waɗannan mutane masu ciwon ƙoda ne da aka fara yi wa wanki da na'ura. Waɗansu kuma masu ciwon daji ne da ke karɓar magani ta jijiya wata da watanni.

Sa'ad da mara lafiya yake kwance a asibiti, ma'aikatan jinya ne ke lura da robar. Ranar da aka sallame shi kuwa, aikin ya koma hannun matarsa, ko mijinta, ko ɗan da yake jinyar mahaifinsa. Likitan da ya sa robar yana Minna ko Abuja, ko Zariya, Sakkwato ko Ilori. Daga Kontagora zuwa Minna ta Tegina da Zungeru tafiya ce ta kusan kilomita 200. Saboda haka abin da mutanen gida suka sani, da abin da suka yi cikin sa'o'in farko na matsala, shi ne sau da yawa yakan raba tsakanin rai da mutuwa.

Mece ce wannan roba?

Kowa ya san ƙaramar robar da ake sawa a bayan hannu domin ƙarin ruwa. Wannan takan yi 'yan kwanaki ne kawai, gama jijiyoyin hannu ƙanana ne, kuma magani mai ƙarfi yakan ƙone su. Robar da muke magana a kanta, wadda ma'aikatan asibiti ke kira kateta, doguwa ce. Ana shigar da ita ta jijiyar wuya, ko ta ƙarƙashin ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ko ta damtse, ko ta gindin cinya, a tura ta har bakinta na ciki ya kai babbar jijiyar da ke zuba jini cikin zuciya. A wurin jini yana gudu da yawa, yana kuma tsarma magani nan take. Ta wannan hanya ce kuma na'urar wankin ƙoda take iya jan jini mililita 200 zuwa 400 a kowane minti ɗaya, ta tace shi, ta mayar.

Akwai iri huɗu da iyali za su iya gamuwa da su.

1. Ta wucin gadi. Ana sa ta kai tsaye a wuya ko a gindin cinya domin gaggawa. Ta cinya ba a so ta wuce mako guda, ta wuya kuma ba a so ta wuce kamar mako biyu, domin haɗarin shigar ƙwayoyin cuta yana ƙaruwa kullum.

2. Wadda ake bi da ita ta ƙarƙashin fata. Tana shiga jijiyar wuya, amma bakinta yana fitowa a ƙirji. Tana da wani ɗan zobe mai kamar auduga wanda nama yake kamawa, ya riƙe ta, ya kuma tare wa ƙwayoyin cuta hanya. Tana iya yin watanni.

3. Ta damtse. Ana sa ta a saman gwiwar hannu, ta bi jijiya har kusa da zuciya. An fi amfani da ita wajen maganin daji, ko maganin ƙwayoyin cuta na makonni da yawa.

4. Wadda ake binnewa duka a ƙarƙashin fata. Wani ɗan akwati ne mai faɗin kwabo da ake dasawa a ƙirji, babu abin da yake leƙowa waje. In za a ba da magani sai a soka wata allura ta musamman ta cikin fata. Tana iya yin shekaru, amma ta fi sauran tsada.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1929 wani matashin likita a Jamus, Werner Forssmann, ya tura siririyar roba ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya ɗauki hoto domin ya tabbatar wa abokan aikinsa cewa hakan yana yiwuwa. An ba shi kyautar Nobel a 1956. A 1953 wani likitan ƙasar Suwidin, Sven Seldinger, ya fito da dabarar fara tura siririyar waya cikin jijiya, sa'an nan a zura robar a kanta, kuma da wannan dabara ake aiki har yau. Robar ƙarƙashin fata ta fito ne daga aikin Broviac a 1973 da Hickman a 1979 a Amurka, wadda ake binnewa kuma ta biyo baya a 1982.

Na'urar wankin ƙoda kuwa, likita Willem Kolff ne ya ƙera ta a Holan a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A Nijeriya an fara wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981. An yi dashen ƙoda na farko a ƙasar a shekarar 2000 a Asibitin St. Nicholas na Legas, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano kuma ya yi nasa na farko a 2002.

Abin da masu ɗauke da ita ke sha

Abu na farko da yawancinsu ke ambata shi ne sauƙi. Wanda aka sha sokawa da allura sau biyar ko shida ana neman jijiya ba a samu ba, ya san darajar robar da za a haɗa magani da ita ba tare da sabon ciwo ba. Ga mai ciwon ƙoda da numfashi ya gagare shi saboda ruwa ya cika masa huhu, robar ita ce ƙofar da ceto ya shigo ta ciki. Bai kamata mu manta da wannan ba sa'ad da muke lissafta wahalolinta.

Na biyu shi ne tsoro. A makonnin farko mutum yakan kasa barci, yana gudun kada ya juya ya danne robar, ko mayafi ya fizge ta. Uwa mai goyo tana fargabar hannun jaririnta, gama yaro yakan kama duk abin da ya ga yana lilo. A cikin motar haya, inda ake cusa mutane huɗu a kujerar mutum uku, kowane rami a kan hanya abin tashin hankali ne.

Na uku shi ne wanka. Ba a yarda ruwa ya taɓa gindin robar da ke leƙowa waje ba. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Kontagora yake kai wa ma'auni 40, a ce wa mutum kada ya sheƙa ruwa a ka ba ƙaramin horo ba ne. Zufa takan ɗaga filasta, fata ta yi ƙaiƙayi, hannu kuwa yana so ya sosa. Da hunturu kuma ƙura ce take shiga ko'ina.

Na huɗu shi ne aiki. Manomin da ya saba da fartanya, da mace mai daka da ɗaukar ruwa a ka, da mai sana'ar babur, dukansu ana hana su ɗaukar kaya mai nauyi da motsa kafaɗa da ƙarfi. Magidancin da ya saba ciyar da gidansa sai ya ga kansa zaune ana ciyar da shi. Wannan ciwo ne da ba ya fitowa a gwajin jini, amma yana cin mutum.

Na biyar shi ne idon jama'a. Robar wuya ba ta ɓoyuwa. Waɗansu sukan daina zuwa sujada da kasuwa da biki domin gudun kallo da tambaya. Mata sukan naɗa gyale a wuya ko da ana zafi. A tsakanin miji da mata kuma akwai tambayoyin da kunya take hana a yi wa likita, har ɗaya ya riƙa gudun ɗaya, alhali kuwa robar ƙirji ba ta hana zaman aure in an manne ta da kyau, aka kuma kiyaye kada a ja ta. Wanda ta cinya ce a jikinsa, sai ya jira a cire.

Na shida shi ne kuɗi. Ƙa'idar wankin ƙoda ita ce sau 3 a mako, kamar awa 4 kowane zama. Binciken likitoci a asibitocin ƙasar nan ya sha nuna cewa mafi yawan waɗanda suka fara wanki ba sa iya ci gaba fiye da 'yan watanni saboda rashin kuɗi. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a waɗansu zaɓaɓɓun asibitocinta. Amma ban da kuɗin wanki akwai na mota, da masauki, da gwaji, da ƙarin jini, da robar kanta. Mutumin da kuɗi ya yanke masa yakan koma gida da robar a jikinsa, ba a amfani da ita, ba a kuma duba ta. Wannan yana cikin yanayi mafi haɗari. Wanda ya ga ba zai iya komawa a kan lokaci ba, ya gaya wa likitansa gaskiya, domin a shirya yadda za a riƙa wanke robar ko a cire ta.

Babban haɗari: ƙwayoyin cuta

Fata katanga ce da ke tsare jiki. Robar nan ƙofa ce da aka huda a katangar, kuma hanyarta ta miƙe har zuciya. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar kowane mutum da cikin hancinsa ba tare da sun dame shi ba, in suka bi robar suka shiga jini, suna iya kashe shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

A nan ne wani kuskure yake yawan faruwa a ƙasarmu. Mun saba cewa kowane zazzaɓi na cizon sauro ne. Mutum ya ji jikinsa ya yi zafi, sai a aika yaro kemis ya sayo magani, a ce a jira kwana uku a gani. Ga mai roba a babbar jijiya, wannan jira yana iya zama ajali. Kowane zazzaɓi da ya kai ma'auni 38, ko rawar ɗari, musamman in ta zo lokacin wanki ko jim kaɗan bayan an yi amfani da robar, a ɗauke shi ciwon jini ne har sai likita ya tabbatar ba shi ba ne. Ko gwajin zazzaɓin sauro ya nuna akwai, wannan bai wanke robar daga zargi ba, gama cututtukan biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya.

Abin ƙarfafawa shi ne, tsabta tana hana yawancin wannan. A 2006 likita Peter Pronovost da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani aiki da aka yi a ɗakunan jinya ta musamman 103 a jihar Mishigan ta Amurka. Ba su kawo sabon magani ba. Sun dai tilasta matakai biyar, ciki har da wanke hannu, da goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da cire duk robar da aka gama bukatarta. Cututtukan jini da robar ke jawowa suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Matakin farko a jerin, wato wanke hannu da sabulu, yana cikin ikon kowane gida a Kontagora.

Ƙa'idodin gida

1. Kada kowa ya taɓa robar ko bandejinta sai ya wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta, shi mara lafiyan ma haka.

2. Bandeji ya zauna a bushe, a manne. Mai kama da leda akan canja shi bayan kwana 7, na auduga bayan kwana 2, ko nan da nan in ya jiƙe ko ya ɗaga. Ma'aikacin lafiya ne zai canja, ko wanda aka koya wa a asibiti.

3. Wanka daga ƙugu zuwa ƙasa, saman jiki kuma a goge da tsumma mai tsabta. Babu shiga rafi ko tafki.

4. Kada a shafa man kaɗanya, ko zuma, ko toka, ko garin magani, ko wani mai a gindin robar.

5. Kada a kusantar da almakashi ko reza ko allurar maƙale zane kusa da ita.

6. Murafan bakin robar da 'yan maƙullanta su zauna a rufe kullum.

7. Robar wankin ƙoda ta wankin ƙoda ce kaɗai. Kada mai kemis ko mai allurar unguwa ya buɗe ta domin ƙarin ruwa ko allura. Akwai maganin hana daskarewar jini da ake barin sa a cikinta, wanda in aka tura shi cikin jiki yana iya jawo zubar jini.

8. A ajiye ma'aunin zafin jiki a gida, da takarda mai ɗauke da irin robar, da ranar da aka sa ta, da lambar wayar sashen da ya sa ta.

Alamun da ba a jira da su

Zazzaɓi ko rawar ɗari. Ja ko kumburi ko mugunya a gindin robar. Kumburin hannu ko wuya ko fuska a gefen da robar take, wanda yake nuna jini ya daskare a jijiya. Robar ta ƙara tsawo, ko zoben nan ya leƙo waje. Ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi. Ruɗewa ko yawan barci. In robar ta zamo waje, kada a mayar da ita ciki.

In ta fita gaba ɗaya, a kwantar da mara lafiya, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi aƙalla minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba, a rufe shi sosai, a tafi asibiti. In ta tsage ko murfinta ya faɗi, a rufe maƙullin ko a lanƙwasa robar tsakanin tsagar da jiki, domin kada jini ya zuba ko iska ta shiga. In numfashi ya sarƙe, a kwantar da shi a gefen hagu, kai ya yi ƙasa. A duk waɗannan, a fara zuwa asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Kontagora, a kuma kira sashen da ya sa robar tun ana kan hanya.

Robar ba wurin zama ba ce

Ga mai wankin ƙoda na dogon lokaci akwai hanyar da ta fi roba lafiya. A 1966 likitoci Brescia da Cimino a birnin Niyok suka nuna cewa in aka haɗa jijiyar da ke kawo jini da wadda ke mayar da shi a hannu, ta biyun takan yi kauri har ta ɗauki allurar wanki. Wannan haɗin jijiya yana bukatar mako 6 zuwa 12 kafin ya nuna, amma ba ya barin kome a waje, mutum yana wanka yadda yake so, haɗarin ciwon jini kuma ya ragu ƙwarai. Waɗansu marasa lafiya sukan ƙi shi domin tsoron allura ko kuɗin aikin. Ya kamata iyali su tambayi likita tun da wuri ko ɗan'uwansu ya dace da shi. In an zaɓi hannun da za a yi aikin, a kiyaye shi daga allura da ɗibar jini da awon hawan jini.

Aikin masu zuwa gaisuwa

Gaishe da mara lafiya al'adarmu ce mai kyau, kuma Zumuntar Mata da dattawan ikkilisiya sun yi suna a kanta. Sai dai akwai abubuwan kiyayewa. Mai mura ko tari ya aika da gaisuwa, kada ya shiga ɗakin. Kada a ce a buɗe mu gani. Mai ɗora hannu domin addu'a ya ɗora a ka ko a hannu, nesa da bandeji, mai shafa mai kuma kada ya kusanci wurin. Wanda yake shirin baftisma ta nutsarwa cikin ruwa alhali yana da roba a waje, fasto da likita su yi shawara tukuna, gama nutsar da shi haɗari ne ga ransa. Haka nan kada a matsa wa mai ciwon ƙoda ko mai karɓar maganin daji ya shiga azumi ba da izinin likita ba. Kada kuma wani ya ce masa ya cire robar ko ya bar zuwa asibiti domin ya nuna bangaskiyarsa. Masu kawo jiƙe-jiƙe da sassaƙe da kyakkyawar niyya su sani cewa ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da abin da ke cikinsu.

Taimakon da ya fi amfani sau da yawa ba shi da ado: kuɗin mota zuwa Minna, kujerar gaba domin kada a matse shi, wanda zai kama masa noman bana, wadda za ta kwana da yara ranar wanki, matasan da za su ba da jini, da wanda zai karɓi mai jinya na yini ɗaya ta huta. Mai jinya ma tana gajiya, kuma ba safai ake tambayar lafiyarta ba.

A ƙarshe, mu tuna cewa hawan jini da ciwon sukari suna cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙoda a ƙasarmu, kuma sukan yi shekaru suna ɓarna ba tare da mutum ya ji kome ba. Yawan shan magungunan ciwon jiki ba da umarnin likita ba yana ƙara wa ƙoda nauyi. Awon hawan jini da gwajin fitsari sau ɗaya a shekara sun fi wankin mako guda araha nesa ba kusa ba. Ana kiyaye Ranar Ƙoda ta Duniya a Alhamis ta biyu ta watan Maris tun daga 2006, kuma lokaci ne mai kyau da ikkilisiya za ta gayyaci ma'aikatan lafiyar da ke cikinta su auna jama'a bayan sujada.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa zazzaɓin mai roba a babbar jijiya ya bambanta da zazzaɓin sauran mutanen gida?

2. In robar ɗan'uwanku ta fita da tsakar dare, mene ne matakai uku na farko, kuma motar wa za ku nema?

3. Waɗanne al'adunmu na gaishe da mara lafiya ne ke bukatar gyara saboda abin da muka koya?

4. Akwai wanda ya daina fitowa cikin jama'a a unguwarku saboda irin wannan jinya? Wa zai je wurinsa a wannan mako, da wane taimako?

5. Yaushe rabon kowane babba a gidanku da awon hawan jini?

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu. Amin.